Baba Ndagi, Mai Fitilar Tagarmu

Ina tsaye a kan kujera ina ɓoye takalman Mama a saman kabad sai wayata ta yi ƙara. Bayan la'asar ne, kuma wannan ne aikina na kowace la'asar, domin da zarar rana ta sunkuya mahaifiyata takan nemi takalmi da mayafi ta ce za ta tafi gida, alhali a cikin gidan nata take zaune. Na sauko na ɗauka. Nna Fati ce, matar Baba Ndagi, kuma tun kafin ta buɗe baki na jiyo koke-koken mata a bayanta.

"Saratu, babanki ya tafi," in ji ta. "Za a kai shi kafin magariba."

Na zube a ƙasa da takalmi ɗaya a hannuna. Na san yana kwance, na je na gaishe shi, amma yana cikin irin mutanen da zuciya ba ta yarda za su mutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban iya zuwa ba. Lokacin da ake fitar da gawarsa a unguwar Sauka Kahuta, ni ina tsaye a bakin ƙofarmu na tare hanya da jikina, Mama tana dukan ƙirjina tana cewa in matsa mata, mijinta na jiran ta. Ina kuka tana kuka, ba ta san dalilin nawa ba. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, a cikin kukan nan akwai wata tambaya wadda kunya ta hana ni yi wa Nna Fati a waya: fitilar fa, ya gama ta?

Ba Baba Ndagi ne ya haife ni ba, ba kuma addininmu ɗaya ba. Shi Banufe ne, Musulmi, daga Bida. Mu Kirista ne. Kakanmu ya biyo aikin jirgin ƙasa ya zauna a Minna, mahaifina Yohanna ya gaje shi a aikin, ya kuma zauna a gidan da ya bari a tsohon kwatas na ma'aikatan jirgi. Shagon Baba Ndagi na farko a bayan katangarmu yake. A can na sha dukan farko da ba na gida ba, ranar da na kai hannu zan ɗauki narkakkiyar kwalba saboda ta yi mini kama da alewa. Ya make hannun, sannan ya saɓa ni a kafaɗa ya je ya saya mini alewar gaske. Har Allah ya karɓi abinsa bai yarda akwai bambanci tsakanin "kai" da "ke" ba. Ni da Yaya Bitrus da Mama duk "kai" ne a bakinsa. Idan muka yi masa dariya sai ya ce ai Hausar aro ya yi, wanda ya ara masa kuma bai ba shi duka ba.

Daga gidan masu narka kwalba ya fito, waɗanda ke yin munduwa da duwatsun wuya. Ya zo Minna yana saurayi ya ƙara da koyon aikin lantarki, sai ya zama yana riƙe da sana'a biyu da ba kasafai ake samun su a hannu ɗaya ba. Babanmu yakan ce aikin farko da ya haɗa su shi ne gyaran fitilar tagarmu. Ba a haife ni ba a lokacin, Yaya Bitrus kuma yana goye. Na sha jin wannan labarin, amma ban taɓa tambayar abin da ya lalace a jikin fitilar har aka kira shi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, fitilar taga katako ne da aka sassaƙa hawa-hawa, ya taso daga gefe biyu ya haɗu a tsakiya. A kan kowane hawa akwai bututun tagulla mai siffar kyandir, bakwai ne duka, kowanne da ɗan ƙaramin ƙwan lantarki da aka rufe da hular gilashi mai kama da harshen wuta. Haskenta ja-ja ne, a zaune yake, ba ya ƙyaftawa. Tsofaffin ma'aikatan jirgi ne suka zo da al'adar. Daga shigowar watan Disamba har sabuwar shekara, kowane gidan Kirista a kwatas yakan buɗe marfin tagar gaba da magariba ya ɗora tasa. Tagogin gidajen nan masu faɗin baki ne, kamar don ita aka gina su. Fitilarmu wani akawu mutumin Saliyo ne ya bar wa kakanmu da zai koma ƙasarsu, kuma da ita a taga Mama ta tarar da gidan ranar da aka kawo ta amarya, domin a Disamba aka yi bikinsu.

Da shekaru suka ja, fitilun suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gara ta ci wasu, wasu yara suka fasa, irinsu kuma aka daina kawowa kasuwa. Nan Baba Ndagi ya fara ƙera sababbi a kan siffar tsofaffin. Har daga Zungeru masu tsofaffin gidaje suke aiko masa. Yana da ƙa'idojin da suka sa wasu ke ce masa mai taurin kai. Ba ya fara aiki sai ya je ya ga tagar da idonsa, ko da a wani gari take. Idan ka kawo masa awo a takarda sai ya ninke ya mayar maka ya ce, "A bari in ga tagar tukuna." Sannan ba ya narka kwalbar kasuwa. Sai mai gida ya tono masa kwalba daga cikin gidan, ta magani ko ta turare ko ta man zaitun, wadda mutanen gidan suka taɓa riƙewa. Na taɓa tambayarsa ko hakan na canza hasken. Ya ce shi dai bai sani ba, amma yana canza yadda masu gidan ke kallon sa. Fitilun zamani masu tsalle-tsalle da kiɗa kuwa ba ya zagin su. Abin da yake cewa kawai shi ne waɗancan na shago ne, na gida zama yake yi.

An yi masa surutu, ba sau ɗaya ba. Akwai waɗanda suka ce me ya haɗa mai sallah da fitilar Kirsimeti, akwai kuma namu da suka ce bai kamata a ba wanda ba ya zuwa coci irin wannan aikin ba. Bai taɓa ɗaga murya a kai ba. Na ji ya amsa wa wani da cewa, "Yohanna maƙwabcina ne. Tagarsa ta yi duhu, ni kuma na iya wuta." Daga haka ya ci gaba da zuga wutarsa. Idan aka kira sallah yakan ajiye aiki ko da kwalba ta kai ga narkewa, ya tafi masallaci, ya dawo ya sake hura wutar daga farko. Ranar Kirsimeti Mama takan sa a yanka kazar da za a kai masa a wurin mahaucin unguwarsu, ranar Babbar Sallah kuma cinyar rago tana isowa gidanmu tun kafin ta huce. Da Babanmu ya rasu, Baba Ndagi ya tsaya a wajen coci cikin rana har aka gama, ya bi mu maƙabarta a ƙafa.

Ciwon Mama a hankali ya shigo. Ta fara da manta gishiri a miya, ta koma manta sunayen jikoki, daga baya ta fara kallona da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Likita ya ce ruɗewar tsufa ce, babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. A cikin haka iskar damina ta yaye kwanon ɗakin ajiya, ruwa ya jiƙa akwatin da fitilarmu take, gara ta ƙarasa sauran. Ba mu sani ba sai da Disambar bara ta zo muka buɗe muka tarar da gari da tsatsa. Yarana suka sayo ta zamani suka zagaye tagar da ita don su faranta wa kakarsu. Da aka kunna ta fara ƙyaftawa kore da shuɗi, sai Mama ta miƙe ta ce wa ya kawo ta gidan rawa, a mayar da ita gida. Ban ce rashin fitila ne ya kawo cutar ba. Amma daga wannan yammacin ne ta fara neman takalmi.

Wanda bai yi jinyar irin wannan ciwon ba ba zai gane ba. Da safe lafiya lau, ta ci ta sha, ta yi waƙoƙin coci ba ta ɓata ko baiti ɗaya ba. Da rana ta yi sanyi sai ta zama wata. Juya baya kawai za ka yi ka nemi tsohuwa ka rasa. An taɓa tsinto ta a unguwar Shango, wani mai keke napep ya yi ta yawo da ita yana tambaya har Allah ya haɗa shi da wanda ya san mu. An taɓa samun ta zaune a kan layin dogo tana jiran Babanmu ya taso daga aiki. Na bar koyarwar da nake yi, na daina zuwa biki, na daina zuwa kasuwa sai da safe. Na yi addu'a har na rasa abin da zan ce wa Allah, na koma kiran sunansa kawai.

A lokacin Baba Ndagi ya daɗe da komawa Sauka Kahuta, tsufa ya kama shi, amma da ya ji labari sai ya riƙa zuwa da yamma. Shi kaɗai ne bai taɓa ce mata "ai nan ne gidanki" ba. Idan ta fito sai ya miƙe da sandarsa ya ce, "Maman Bitrus, ina za ka?" Ta ce gida. Ya ce, "To mu je in raka ka, hanyarmu ɗaya." Su zagaya kwatas a hankali, ta bayan tsohon famfo, ta gindin mangwaro, yana biye mata da hira, har ƙafafunta su gaji ya dawo da ita ta ƙofar baya. Wani lokaci sallar magariba takan riske shi a hanya, sai ya damƙa mini hannunta, ya shimfiɗa rawaninsa a barandarmu ya yi. Ban taɓa roƙon sa wannan ba, bai kuma taɓa bari na yi masa godiya har ƙarshe ba.

Ranar da ta ƙure mana ita ce ranar da Mama ta kai babban titi. Wata tankar mai ta taka burki har ta karkace, mutane suka yi ta ihu, ita kuwa tana tsaye a tsakiyar hanya da mayafinta tana duban gidaje. Yaya Bitrus ya taho daga Kaduna washegari. Ya ajiye sabon kwaɗo a kan tebur ya ce abu biyu ne: ko a riƙa kulle ta a ɗaki daga la'asar, ko ya tafi da ita gidansa mai doguwar katanga da maigadi. Na tuna masa cewa mun taɓa gwada Kaduna, ta ƙi ci ta ƙi sha, muka dawo da ita kamar kara. Na ce kulle kuwa, matar da ta yi aure a gidan nan ta haife mu a cikinsa, ba da hannuna ba.

"Saratu, kin fi son a kira mu mu je mu gane gawarta a bakin titi?" ya tambaye ni. Hawaye yake yi, ni ma haka.

Yayana ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi kamar yadda ya cika ni. Muka rabu a kan zai dawo jajiberin Kirsimeti da mota. Idan har lokacin tana fita, zai tafi da ita, ni kuma ba zan ƙara cewa komai ba. Na san idan ta shiga motar nan ba za ta ga wata damina ba.

Abu ɗaya na riƙe. Duk sanda na tambaye ta yaya gidan nata yake, amsarta ba ta canzawa: mai fitila a taga. Da wannan na tafi Sauka Kahuta. Na tarar Baba Ndagi ya daɗe bai hura wuta ba, hawan jini ya sa likita ya hana shi zama kusa da zafi, hannunsa kuma yana rawa. Nna Fati ta ja ni gefe ta ce, "Saratu, ki ji tsoron Allah, mutumin nan ba shi da sauran ƙarfi." Gaskiyarta ce, na kuma juya zan tafi. Sai ya ɗaga murya daga kan tabarma.

"Kai dawo nan. Wa ya ce maka na mutu? A bari in ga tagar tukuna."

Tagar da ya sani tun ba a haife ni ba, sai da ya sake zuwa ya shafa bakinta da tafin hannu, ya zauna a ɗakin har rana ta faɗi yana kallon inda haske ke sauka. Ya nemi kwalba, na tono masa kwalaben maganin tarin Babanmu masu ruwan ƙasa da Mama ta hana a zubar. Ya ɗaga ɗaya ya duba ta a hasken yamma ya ce, "Yohanna, har yanzu kana da amfani." Sannan ya zuba su a aljihun babbar riga ya tafi.

Yadda ya yi aikin, Nna Fati ce ta gaya mini daga baya. Ita ke zuga masa wuta, ita da ta hana. Hular gilashi takan fashe a hannunsa saboda rawa, ya sake narkawa. Da ya kawo fitilar a farkon Disamba ya warware zanen da ya naɗe ta, sai na rufe bakina da hannu. Ita ce. Hawan katakon, duhun tagullar, har ɗan karkacewar kyandir na tsakiya. Ya haɗa mata batir a ƙasa don kada ɗauke wuta ya shafe ta. Muka ɗora a taga da magariba, bakwai ɗin suka kama lokaci ɗaya, ɗakin ya koma yadda na san shi ina yarinya. Na kamo hannun Mama na kawo ta gabanta.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ta yi kyau. Gidan wa ne?" Ta juya tana neman takalminta.

Ban san sanda na durƙusa ba. Na ce shi ke nan, Baba, mun yi iyakar yinmu. Bai kula ni ba, Mama yake kallo. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta na dama yana wani abu da na sha gani ban ba shi muhimmanci ba: tana haɗa babban yatsa da na tsakiya tana ɗalla iska. Ya matsa kusa da ita ya tambaya a hankali.

"Maman Bitrus, ina Bitrus?"

"Yana barci," in ji ta. "Yanzu na sauke shi daga baya. Kada ku tashe shi."

Alhali a lokacin Yaya Bitrus har yana da jikoki. Baba Ndagi ya gyaɗa kai, ya kashe fitilar, ya mayar da ita cikin zane. Ya ce, "Kuskurena ne. Fitilar Saratu na yi, ban yi ta Maman Bitrus ba." Na riƙe rigarsa na ce ya yi mini bayani. Ya ce, "Kai bari in gwada tukuna. Ba na so in sa maka rai a banza." Ya saɓa ta a hammata ya fita yana dogara sanda. Wannan ne ganina na ƙarshe da shi a tsaye. Da na je gaishe shi yana kwance, bakinsa ya riga ya yi nauyi, ban kuma iya tambayar marar lafiya aiki ba.

Washegarin rasuwar na samu maƙwabciya ta zauna da Mama da safe, na tafi gaisuwa. Gidan cike yake, Nufawa da Hausawa da Gwarawa da Yarabawa, da tsofaffin kwatas da ban san suna raye ba. Nna Fati tana zaune a kan tabarma cikin mata. Da ta gan ni ta kira ni ciki, ta jawo ƙullin zanen daga ƙarƙashin gado.

"Ga amanarki. Ranar da ya faɗi, a kanta ya faɗi. Kwana da kwanaki yana zaune yana goga wani ɗan guntun tagulla, ya kunna ya kashe, ya yi tsaki ya sake."

Na warware zanen na kunna. Shida suka kama. Na uku daga hagu ya tsaya baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, haka. Fitila lafiyayya ma ba ta yi ba, balle wadda mutuwa ta katse aikinta a tsakiya. Na ce, "Nna, bai gama ba." Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne kafin bakinsa ya rufe ya maimaita mata magana ɗaya: kada a bari kowa ya taɓa na ukun, a kai ta haka.

A hanyar komawa keke napep ɗin da na hau ya bi ta gaban shagunan masu gyaran lantarki. Na buɗe baki zan ce ya tsaya. Raina yana gaya mini ciwo ne ya ruɗa tsohon, ƙwai ɗaya ne, yanzu za a canza shi. Abin da ya hana ni ba hikima ba ce, ban fahimci komai ba. Kawai dai ban taɓa saɓa wa Baba Ndagi yana raye ba, na ga bai dace in fara ranar da ya kwana ɗaya a kabari ba. Na kai fitilar gida na tura ƙarƙashin gado, na kasa ɗora ta. Muddin ban gwada ba, ina da sauran abin da zan sa rai a kai.

Jajiberin Kirsimeti Yaya Bitrus ya iso. Na haɗa kayan Mama da hannuna, zannuwanta da littafin waƙoƙinta da hoton Babanmu, aka sa a bayan mota, za su tashi da sassafe. Da rana ta sunkuya Mama ta fara. Ta samo takalmi ɗaya da ban ɓoye da kyau ba, ta yafa mayafi, ta nufi ƙofa. Yaya ya tsaya a gabanta yana lallashi, tana ture shi tana ce masa bawan Allah ka ba ni hanya. Masallacin bayan layi ya fara kiran magariba. Na ce a raina idan ban ɗora yau ba, babu sauran ranar ɗorawa. Na jawo fitilar daga ƙarƙashin gado, na buɗe marfin taga, na ɗora, na kunna. Shida suka kama.

Hasken ne ya sa ta waiwayo. Ta saki rigar Yaya. Ta taho a hankali, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta tsaya a gaban tagar. Ba ta ce ta yi kyau ba. Tsaki ta yi, irin na matar gida da ta gaji da abu, ta miƙa hannu ta ɗalle na ukun da farce. Ya yi ƙyaf, ya kama.

"Kullum sai an ɗalle shi," in ji ta. Ta zame mayafinta ta rataye a ƙusar bayan ƙofa ba tare da ta duba ba, ta cire takalmin ta tura shi ƙarƙashin kujera, ta zauna. "Yohanna ya ce akwai wani yaro Banufe da ya zo gari, wai ya iya aikin wuta. Gobe a kira shi ya duba mana."

Nan na gane abin da Baba Ndagi ya gyara yana saurayi, da abin da ya ƙarar da sauran ƙarfinsa yana mayarwa yadda yake. Ban da Mama, duk duniya shi kaɗai ya rage da ya san fitilar a haka. Yaya Bitrus ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. Mama ta dube ni ina tsaye ina zubar da hawaye, ta matsa mini wuri a kan kujera.

"Baƙuwa, ki daina tsayuwa mana. Zauna, nan gidanmu ne."

Da safe muka sauke kayanta daga mota. Yaya ya koma Kaduna shi kaɗai, da kwaɗonsa a aljihu.

Kada wani ya ɗauka ta warke. Har yau ba ta san ni ba, baƙuwa nake a wurinta, baƙuwar da take tausayi saboda ta daɗe ba ta koma gidansu ba. Amma ba ta sake neman takalmi ba. Kirsimeti ta wuce, sabuwar shekara ta wuce, kowa ya sauke kayan adonsa, tagarmu kaɗai ke ci a kwatas, kuma haka za ta ci gaba ko da azumi ko da damina. Ina goge ta da tsoro, ina ɗaukar ta da tsoro. Ɗan guntun tagullar nan da ya goga, ban san yadda ya yi shi ba, babu kuma wanda zan tambaya ranar da ya gaji. Kowace magariba Mama takan ɗalle ƙwan, ya kama, ta ce gobe a kira yaron nan Banufe. Ni kuma in ce, "To, Mama, gobe."

Baba, ban samu na raka ka ba, ban samu na gama yi maka godiya ba. Zan yi maka addu'a da kalmomin da na ji kana yi wa naka mamatan. Allah ya jiƙan Baba Ndagi, ya gafarta masa kurakuransa, ya karɓi sallolin da ya yi a barandarmu da waɗanda ya yi a masallaci. Yadda ya ƙi barin tagar maƙwabcinsa cikin duhu, Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Nna Fati haƙuri, ita da ta zuga wutar da ta san tana cin mijinta, ya saka mata da abin da ni ba zan iya ba. Allah ya raya 'ya'yansa da jikokinsa, ya rufa musu asiri, ya haɗa su da maƙwabta irin mahaifinsu. Mu kuma da ya bari da fitila a taga, Allah ya sa kada ta mutu kafin mai ɗallar ta. Amin.